Ranar da Na Ce wa Baba Albarka

Babu tambayar da take ɗaure mini harshe a duniya kamar "nawa ne aikinka?" Ka ce in rubuta maka jawabin bikin yaye ɗalibai kafin shayi ya huce, zan yi. Ka kawo mini takardar Turanci kan rigakafin yara ka ce in mayar da ita Hausar da kakata za ta gane, zan yi. Amma da zarar mai aiki ya sa hannu a aljihu ya dube ni ya ce nawa ne, sai in ji kamar an kama ni da loma a baki da rana tsaka a watan azumi. Sai in sosa ƙeya, in dubi takalmina, in ce, "Haba, ba komai, duk abin da ya sawwaƙa."

Abin da ya sawwaƙa kuwa na gan shi kala-kala. Tun da na bar koyarwa a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu na koma cin gashin kaina da alƙalami, an biya ni da katin waya, an biya ni da hular da ba ta shiga kaina, an biya ni da kwanon shinkafa a wajen taro. Wani mai maganin gargajiya da na rubuta wa tallar rediyo kwalbar maganin basir ya miƙo mini, alhali ban taɓa kai masa kukan komai ba. Mafi yawa dai addu'a ce, doguwa mai daɗi, in yi ta amsawa da amin har bakin ƙofa, sannan in dawo in zauna ina cizon yatsa. Allah ya sani ba na raina addu'a. Sai dai mai janaretan da yake yi mini cajin kwamfuta a bakin tasha ba ya karɓar ta.

A gida na samo wannan hali. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malami ne na zaure, kuma a wajensa ilimi ba abin sa wa kuɗi ba ne. In ya yi wa mutum aiki, ko an tura masa wani abu ƙarƙashin buzu, ba ya kallon wajen sai baƙo ya yi nisa. Amma shi yana da gonarsa a Wurno, ita take ciyar da mu. Ni kuwa gonata ita ce wannan tsohuwar kwamfuta mai tari in an kunna ta, sai na ɗauko halin mai gona na yafa ba tare da gonar ba.

Matata tela ce, kekenta yana ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ita almakashinta ba ya taɓa atamfa sai an gama magana, ko da kuwa 'yar uwarta ce ta kawo ɗinkin. Ta daɗe tana kallona tana haɗiye magana, har ranar da na rubuta wa wani kansila jawabin buɗe rijiyar burtsatse, na dawo gida da kalanda mai ɗauke da hotonsa yana murmushi. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta wuce madafa ta rataye ta daidai saman murhu.

"Me ya kai kalanda madafa?" na tambaye ta.

"Ina so in ga ko za ta dahu ne, Malam. Yara suna jira."

Raina ya ɓaci, don ni mutum ne mai saurin hawa. Daga ranar ta sa ni a makaranta. Tana taka keke tana zama mini mai kawo aiki, ta kumbura murya ta ce, "Malam, nawa ne jawabi?" In na fara da "to, ka san dai yadda gari yake," sai ta ɗaga ƙafa daga keken.

"Ka faɗa, sannan ka rufe bakinka. Kai matsalarka kana faɗar kuɗi kana ba da haƙuri, kamar ka taka wa mutum ƙafa."

A hankali na tsayar da abina. Fassara da shafi, jawabi da girman taro da kuma girman rigar mai karantawa, rabi kafin in fara, rabi in na gama. Kansilan nan shi ne na farko da ya faɗo hannuna, da ya dawo neman jawabin rabon taki. Na faɗi kuɗina na datse baki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ashe kai ma ka zama ɗan kasuwa?" Amma ya biya. A ranar nan da kifi na shiga gida, kuma da hannuna na sauke kalandar, ta riga ta yi baƙi da hayaƙi.

Sai dai na ware wasu da na ce har abada ba zan buɗe baki in sa musu kuɗi ba: masallaci, marayu, da duk wanda ya isa ya haife ni. Matata ma ta yarda da wannan.

Ana cikin haka, da kaka, saƙo ya zo mini daga Maruta ta ƙasar Gwaram cewa Baba yana nemana. Baba aminin mahaifina ne tun suna samari. A zamaninsa babu kasuwar hatsi a wannan yanki da ba a san muryarsa ba. Da jakuna ya fara, yana sayen gyaɗa da riɗi a ƙauyuka, har ya kai ga cika mota. Ina yaro in ya zo gidanmu, kafin ya zauna sai ya taya duk abin da idonsa ya faɗa a kai, har butar alwalar mahaifina, don wasa kawai. Daga baya ganinsa ya yi ta raguwa har ya tafi gaba ɗaya, ya koma zaure ya zauna. Babban ɗansa, wani Alhaji mai shago a Kano, shi ya ɗauki nauyinsa, kuma ya ɗauka da gaske.

Na hau babur na tafi. Ko'ina an yanke riɗi an jingine shi yana shan rana, mata suna tsinkar gyaɗa a bakin gonaki. Na tarar da Baba a zaure kan sabuwar darduma, ga rediyo a gefe, ga fanka mai aiki da hasken rana tana kaɗa masa gemu. Ya kama hannuna ya shafa har gwiwar hannu, ya ce na yi ƙiba, wai alƙalami ya karɓe ni. Muka gaisa, muka yi wa mahaifina addu'a, aka kawo fura.

"An ce ka zama mai rubuta wa mutane magana, kana karɓar kuɗi," in ji shi.

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Ana dai taɓawa, Baba."

"Madalla. To ga aiki. Jikokina ba su san ni ba sai a kan shimfiɗar nan. Sun ɗauka a nan aka haife ni da sanda a hannu. In sun zo da Sallah, su durƙusa, su ajiye mini leda, su fita da gudu. Ina so ka rubuta musu ni, tun daga jakin farko. A yi shi littafi, mai bango."

Na ce wannan ai abin farin ciki ne. Sai na ga ya gyara zama, ya tura hularsa gaba, ya kashe rediyo, ya murza tafin hannunsa. Na ga duk wannan da idona, amma ban karanta shi ba.

"To, ɗan Malam. Nawa ne aikinka?"

"Haba Baba! Ni in karɓi kuɗinka? Ai wannan aikin ɗa ne. Da mahaifina yana raye ya ji na sa maka kuɗi, da sai ya kore ni daga gida."

"Ka dai faɗa, mu ji."

"Ko sisi, Baba. Kyauta zan yi maka, har bugawa."

A hankali ya koma ya jingina da bango, ya mayar da hularsa inda take. "To," ya ce. "Allah ya yi albarka." Ya lalubo rediyo ya kunna, ya tambaye ni yadda damina ta yi a Wurno. Da na ciro waya don in fara ɗaukar maganarsa, sai ya ce ba yau ba, ya gaji.

Na dawo gida ina jin kaina, na yi abin da ɗan halak yake yi. Amma na koma ya ce kansa yana ciwo. Na sake komawa ya ce ya manta abubuwa da yawa, tsufa ya cinye su, wataƙila ma a bar maganar. Mutumin da yake iya gaya maka kalar jakin da ya saya kafin a haife ni! Na fara jin haushi, ina ƙona mai a banza, har na ce wa matata tsoho dai rigima gare shi.

A tsakanin nan Alhaji ya kira ni daga Kano. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Malam yake ce mini saboda mahaifina.

"Malam, na ji Baba ya kira ka kan wani littafi. Don Allah kar ka karɓi komai a hannunsa. Ka turo mini lambar asusunka."

Na ce ai ni ba zan karɓa ba, daga hannunsa ko daga na Baba.

"Allah ya saka. Ka ga, ni duk na bi na gaya musu, mai shayi, mai goro, wanzami, har masu awo a kasuwa. Duk abin da Baba ya nema a ba shi, ni zan ji da su. Ya sha wahala a kanmu, Malam. Yanzu lokacin hutunsa ne. Ba na so ya ƙara sa hannu a aljihu har ya koma ga Allah."

Da ƙauna ya faɗa. Na yaba masa ƙwarai, na ce samun ɗa irinsa sai an tona.

Zuwana na gaba ya faɗo ranar kasuwar Gwaram. Na sami Baba ya sa babbar riga, ya ce tunda ga babur, in kai shi ya sha iska. Na goya shi, ya riƙe ni gam, muka tafi a hankali. Da muka shiga kasuwa ya dafa kafaɗata, amma a gaskiya shi yake ja na, don hancinsa da kunnensa sun san kowace rumfa.

Wajen mai goro muka fara tsayawa. Baba ya tsuguna, ya zura hannu cikin ganye, ya zaɓo manya yana auna su a tafin hannu. Ya ce goron ya kwana biyu, ya fara sakin jiki, nawa za a bar masa? Na ga ya ciro wata takardar kuɗi a ninke, ya maƙale ta tsakanin yatsu.

"Haba Baba, ɗauki kawai," in ji mai goro. "Alhaji ya riga ya yi magana."

Haka aka yi a wajen mai igiya. Haka a wajen mai man shafawa. Da muka isa layin 'yan hatsi, inda ya yi zamaninsa, sai aka miƙe ana Baba ya zo, Baba ya zo. Ya nutsa hannu cikin buhun riɗi, ya murza, ya kai hanci, ya ce akwai yashi a ciki, kuma bai gama bushewa ba, nawa tiya? Mai riɗin, wanda a hannun Baba ya koyi awo, ya yi dariya ya cika leda ya miƙo mini. Ya ce wa zai yi ciniki da ubansa? Baba ya yi godiya, ya sa albarka. Takardar kuɗin nan tana nan tsakanin yatsunsa, har ta jiƙe da gumi.

Muna hanyar fita sai ya ja ya tsaya cak. A gefenmu wata mata ce take cinikin tukunya, ita da mai tukwane sun kaure, tana cewa bakin a karkace yake, yana cewa ta je ta zagaya kasuwa in ta sami irinta ya ba ta kyauta. Baba ya karkata kai yana saurare, leɓɓansa suna motsi. Na ji yana raɗa, shi kaɗai, "Kar ki ƙara. Juya ki tafi, zai kira ki." Matar ta juya, mai tukwane ya kira ta. Fuskar Baba ta washe, rabon da in ga haƙoransa haka tun ina yaro. Sannan ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce mu tafi.

A hanya ya ce in tsaya bayansa ya gaji. Muka sauka ƙarƙashin wata ɗorawa a bakin gona, na shimfiɗa masa buhu. Ya zauna ya miƙe ƙafafu.

"Ka gani da idonka ko, ɗan Malam?" ya ce daga baya. "Ni da na tsufa a bakin buhu, yau ko allura babu mai sayar mini. Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Yaron nan so yake ya shiga aljanna da ni, Allah ya ba shi. Amma duba ni. Daga hular nan har takalmi, babu abin da ba kyauta ba. Bakina ya gaji da godiya. Na ce bari ko tarihina in saya da abina, ya zama nawa, in ce a cire nan a ƙara can ba ina lallashi ba. Na aika a kira ka don an ce kai kana karɓar kuɗi. Sai ka zo kai ma ka ɗora mini taka sadakar."

Bai ɗaga murya ba, amma maganar ta shige ni har ƙashi. Tausayinsa ya kama ni, idona ya cika, na gode Allah da ba ya ganina. Na san in na ba shi haƙuri na ƙara ɓata lamarin. Sai na tuna rumfar tsakar gidanmu da keken ɗinki. Na share maƙogwaro, na kumbura murya.

"Baba, aikin nan fa babba ne. Littafi guda, ga zirga-zirga, ga bugawa." Na faɗi kuɗin da ko kansila ban taɓa yi wa irinsa ba, sannan na rufe bakina.

Sai Baba ya dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Da ruwan zinare za ka rubuta shi? Kai ɗan Malam, ashe ɓarawo aminina ya haifa ban sani ba?" Ya tura hula gaba, ya taya da abin da ko man babur ba zai saya ba.

"Albarka, Baba," na ce.

Dariyar da ya yi sai da ta sa shi tari. Daga nan fa aka shiga fagen da ba nawa ba. Ya kushe hajata tas. Ya ce an gaya masa Hausata ta 'yan boko ce, sai an tace. Ya ce maganar tasa ce, wahalar tasa ce, ni kwafa kawai zan yi, ko ɗan firamare zai iya. Na ce to a nemo ɗan firamaren. Ya ɗan ƙara, na ce albarka. Na ɗan rage, ya ce wasa nake yi. Can sai ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya ce ya fasa, akwai marubuta a Dutse. Ya juya ya kama tafiya, kai tsaye cikin gonar dawar mutane. Na bar shi ya yi 'yan taku, don na gane abin da yake jira, sannan na ɗaga murya kamar mai tukwane.

"Dawo, Baba! Zo mu daidaita!"

Ya dawo yana gunaguni, fuskarsa kamar an yi masa albishir. A ƙarshe ya ce shi ba zai biya da kuɗin aljihunsa ba, don su ma Alhaji ne ya aiko. Yana da akuya ja, jikar wata da ya saya da guminsa tun idonsa yana gani, ita kaɗai ce abin da ba wanda ya ba shi. Na ce akuya da ɗanta. Ya ce ɗan ba ya cikin magana, sai an yaye shi ma zan ɗauki uwar. Na ce to man babur nasa ne. Ya ce babur ɗin nasa ne da zai ba shi mai? Na ce gyara sau biyu kawai nake yi. Ya ce gyara sai ya ce ya isa. Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina ya ce, "Na sallama." Ya kama hannuna ya girgiza da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Kuma kada wani ya ce rangwame na yi masa. Da gaske na yi cinikin, da gaske kuma ya kayar da ni.

Da na ba matata labari ta yi dariya har da hawaye, ta ce duk karatun da ta ba ni ya ƙare a akuya. Sannan ta ce in gyara wajen ɗaure ta kusa da rumfa.

Duk ranin nan a Maruta na yi shi. Ban taɓa samun mai aiki mai wahalarwa kamar Baba ba. Ciwon kai ya warke, mantuwa ta gudu. In na makara ya ce akuyarsa ba ta makara wajen cin dusa. In na karanta masa abin da na rubuta, yana jin na fara zuba masa kirari zai buga sanda a ƙasa.

"Wa ya ce ka mai da ni waliyyi? Cire. Rubuta yadda na sayi gero ɗanye a Kwandiko don kwaɗayin araha, ya ruɓe mini a rumbu, na yi wata ina ɓuya daga surukina."

Ya ba ni labarin jakinsa na farko da ya ƙi tsallaka kogi sai an rufe masa ido da rawani, da yadda mota ta fara shigowa ƙauyensu yara suna binta da gudu. Wata rana kuma ya zo kan wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, gari ya shiga yunwa, shi kuma rumbunansa a cike. Na riga na ji wannan labari a bakin mutane, don haka na rubuta cewa ya buɗe rumbu ya rabar wa talakawa. Da na karanta masa sai ya fusata da gaske.

"Ƙarya ne! Ban rabar ba, sayarwa na yi. Magidanci ya zo da ɗan abin da ke hannunsa, in faɗi kuɗi, ya taya, in ce albarka, mu yi ta ja har in sallama masa a yadda zai iya. Ya koma gida ya ce wa iyalinsa sayowa ya yi. Da na rabar, da har yau 'ya'yansu suna sunkuyar da kai in sun gan ni." Ya juyo da fuska wajena. "Har mahaifinka ya zo. Bai iya ciniki ba ko kaɗan, irinka. Sai da na yi ta kushe dawar da kaina kafin ya gane ya taya ƙasa."

Ban taɓa jin wannan ba. Ina tuna shekarar sama-sama, ina tuna cewa tuwo bai yanke a gidanmu ba, kuma mahaifina bai taɓa sunkuyar da kai gaban amininsa ba. Na kashe wayar da nake ɗaukar maganarsa da ita na fita waje, na ce zan duba babur.

Babin ƙarshe shi ya zaɓe shi da kansa. Ya ce in rubuta cinikinmu na ƙarƙashin ɗorawa, kada in rage komai, kuma in faɗa a fili cewa ya ci ni.

Da Babbar Sallah aka taru a gidan, 'ya'ya da jikoki, bayan la'asar. An buga littafin, ɗan siriri mai koren bango, Baba ya riƙe nasa a cinya yana shafawa. Aka ce in karanta. Jikokin da suka saba ajiye leda su gudu suka zauna, suka yi ta dariyar jaki mai rawani, wata ƙaramar ta matso har ta jingina da gwiwarsa. Ina tsakiyar labarin geron Kwandiko sai sanda ta bugi ƙasa.

"Tsaya. Ba surukina na ce ba, ƙanin surukina. Ka gyara."

"Baba, an riga an buga," na ce.

"Sai a sake. Gyara sai na ce ya isa, haka muka yi. Na biya."

Ya faɗi kalmar nan ta ƙarshe da ƙarfi, yana juya fuska ko'ina don kowa ya ji. Aka yi dariya. Alhaji kaɗai na ga bai yi ba, yana kallon mahaifinsa kamar yau ya fara ganinsa.

Baba ya rasu da daminar da ta biyo baya, cikin sauƙi, bayan gajeriyar jinya. Bayan an tashi daga zaman makoki, Alhaji ya biyo ta Birnin Kudu a hanyarsa ta komawa Kano. Muka zauna a ƙofar gida, akuyar tana ɗaure daga ciki tana taunar ƙyallayen da suka zubo daga keken matata. Ya ciro ambulan mai kauri ya ajiye a gabana.

"Malam, na karanta babin ƙarshe. Na san akuya ba ta biya wahalarka ba. Ga cikon."

Na tura masa abinsa. Na ce, "Alhaji, cinikin nan an riga an sallama shi. Littafin na Baba ne, shi ya saya, shi ya biya. In na karɓi wannan, na ƙwace masa."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Shekara da shekaru ina ganin hutu nake ba shi," ya ce. "Ko goro ban bari ya saya ba." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya ɗauki ambulan ɗin ya riƙe tsakanin yatsu, ya rasa inda zai kai shi, kuma yatsun nan sak na mahaifinsa. Nan na ga ina shirin yi masa abin da aka yi wa Baba a layin 'yan hatsi.

"Sai dai akwai gyaran da ya bari ban yi ba," na ce. "In kana so a sake bugawa, kowane jika ya sami nasa, wannan sabon ciniki ne." Na faɗi kuɗina ban sosa ƙeya ba, na rufe bakina.

Alhaji ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu. Ya ja hanci, ya gyara zama, ya tura hularsa gaba.

"Kai Malam, ya yi tsada," ya ce, ya taya da rabi.

"Albarka," na ce.